Tayoyin Tahsin da Dinyoyin Gulizar

A ƙauyenmu na Yelbayir, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka kowa ya san aikinsa. Mata su wasa wuƙaƙe, don ba a yanka dinya sai ta ɗanɗana ƙanƙarar fari. Maza kuma su mirgino tayoyin sanyi daga rumbu su ɗaura wa motoci. Haka muka taso muka tarar, ba mai gardama. To amma muna da Tahsin.

Ni ne mai shayin garin. Tagar shagona tana kallon dandali da gangaren da ke sauka zuwa titin birnin Kars, saboda haka duk abin kunyar da aka taɓa yi a ƙauyen nan a gabana aka yi shi, ina riƙe da buta. Tahsin sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma ina ƙaunarsa. Amma wallahi akwai ranakun da in na hango hularsa sai in ji kamar in rufe shago in gudu.

Ya taɓa zuwa Jamus wurin wani kawunsa, ya yi 'yan watanni yana wankin mota kafin takardarsa ta ƙare a sako shi a jirgi. Shekaru sun ja, furfura ta fito, amma har yau bai gama dawowa ba. In ka ba shi shayi, a Jamus ba haka ake dafawa ba. In liman ya ja doguwar sura, a Jamus da tuni an sallame. Ya kuma hana a kira shi Tahsin kawai, sai Tahsin Usta, wai shi gwanin mota ne.

Motar da yake taƙama da ita wata tsohuwar fara ce mai tari da safe, kuma da gumin matarsa Gulizar aka saye ta. Gulizar ke da garken dinyoyi mafi kyau a yankinmu, manyan agwagin nan masu dogon wuya da masifa, waɗanda ko kare ba ya bi ta gabansu sai da dalili. Tana da lasisin tuƙi tun tana gidansu, amma Tahsin bai taɓa barinta ta taɓa sitiyari ba. Makullin yana rataye a ɗamararsa da wata 'yar sarƙa. In yana magana yana kaɗa shi, in yana salla yana ƙara, ina jin ko barci da shi yake yi. Ka raba Tahsin da makullin nan, ba abin da zai rage sai hula.

Ana gab da kasuwar dinyoyi ta Kars, ranar da fatake ke zuwa da manyan motoci su kwashe kaya su wuce kafin hanyar dutse ta toshe, sai ga motar madara ta tsaya a dandali. Aka sauke wasu ƙatta-ƙattan tayoyi huɗu, kowace da wilinta mai ƙyalli. Tahsin ya diro daga gaba yana gyara hula.

Ekrem, ƙanin Gulizar, shi ke jan bas tsakanin ƙauye da birni. Ya ajiye kofinsa ya leƙa ƙofa.

"Mijin Yaya, tarakta ka saya ba labari?"

"Tahsin Usta."

"To Usta, ina taraktar?"

"Na motata ne, jahili. Daga jikin motar wani hamshaƙi aka ciro su, irin mai hawa dutsen nan. Dubi alamar ƙanƙara a gefe. Tayar sanyi ce ta asali, 'yar Jamus."

"Ni ban ce ba ta sanyi ba ce. Amma sanyin wace mota? Buɗe ƙofarka ka duba, waɗanda suka ƙera ta sun rubuta girman takalminta a jikin ƙarfe."

"Don 'yan koyo aka rubuta wannan."

"Siririyar taya ce ke yanka dusa ta taka ƙasa," in ji Ekrem. "Wannan kuwa faranti ne, a sama zai zauna."

"Ka taɓa zuwa Jamus?"

"Ban taɓa ba."

"To rufe min baki. Dubi ƙafar dinya. Faɗi aka yi mata ko tsini? Akwai wanda ya taɓa ganin dinya ta zame a garin nan?"

Haji Rasim, dattijon da gidansa ke ƙarshen gangare, ya juya ƙwayar sukarin da ke kuncinsa ya kurɓi shayi.

"Kullum," in ji shi.

Aka kwashe da dariya. Tahsin ya yi kamar da bango ake, ya tafi ya kawo motar gaban shagona, don shi ba ya aiki sai da 'yan kallo.

Da farko dai ramukan wilin suka ƙi haɗuwa da kusoshin motar. Bai damu ba, wai mai kayan ya haɗa masa da wasu faya-fayan ƙarfe da ke sasanta irin wannan. Ya ɗaura su, ya ɗaura tayoyin a kai, sai ga su sun fito waje sun tsaya a gefen motar kamar ba tare suke ba. Da ya sauke jak, motar ta zauna daram a kansu, madigadi ya ciji roba.

"Ta zauna," in ji Ekrem. "Saura ta tashi."

"Sabon takalmi ai sai ya ɗan matse."

Ya aika aka kawo guduma. Ya daki madigadin nan har fenti ya zube, bai buɗe ba. Ya aika aka kawo zarto. A nan ne na ajiye buta na fita, don abin ya fara ba ni tausayi, ba shi ba, motar.

"Tahsin, don girman Allah. Mutum ya yanka ƙafa don takalmi ya shiga?"

"Kai da shayi ka sani. A Jamus kowace mota yankakkiya ce, ba ka dai lura ba."

Ya yanke bakin madigadi huɗun nan kaca-kaca. Da ya gama, motar ta koma kamar kaza sanye da takalman soja. Yara suka bi ta suna tafi, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Tsoffin tayoyin sanyin, sirara masu sauran haƙori sosai, ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya har ƙofar gida, inda Gulizar ke tsaye da kwanon tsaba tana kallon abin da ake yi wa guminta.

"Ungo," ya ce da ƙarfi don mu ji. "Ki tsaga su ki riƙa zuba wa dinyoyinki ruwa. Iyakar amfaninsu ke nan."

Ta mirgina su cikin akurki ta ja ƙyaure.

Aka zo gwaji. Gaskiya a miƙe motar ta tafi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ta ratsa dandali tana gurnani, shi kuma ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga mana gira. Da ya kai bakin masallaci ya murɗa hagu zai juyo, sai muka ji wani ƙara kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Tayar ta tokare da ƙarfen ciki. Ya murɗa dama, ta ɗan yarda. Ya sake gwada hagu, ta ce atafau. Sai kawai ya miƙe ya ɓace mana. Muka sha shayi, muka sake sha, aka kira la'asar aka yi, sannan ga shi ya ɓullo ta bayan makaranta. Ashe sai da ya zagaye garin kaf yana bin dama.

"Ina ka shiga?" in ji Haji Rasim.

"Na je duba gari."

"Ba ta yin hagu," in ji Ekrem.

"Wa ya ce? Ni ne ban so ba. Direban kirki ba ya yawan kwana. Titunan Jamus duk a miƙe suke."

"Na Kars fa? A ƙarshen gangaren nan hagu ake yi."

"In na isa can ka zo ka koya min."

Daga nan abin ya zama rigima. Ekrem ya ce jibi da safe zai kwashi dinyoyin matan gari zuwa kasuwa kamar yadda ya saba, Yaya ta shirya nata da wuri. Tahsin ya daki teburina har kofuna suka yi tsalle, ya rantse dinyar gidansa ba za ta sake shiga wannan akwalar bas ɗin ba, shi zai kai su da kansa, kuma sai ya riga Ekrem isa. Maganar ta kai kunnen Gulizar kafin shayin da ya zube ya bushe. Sai ga ta a ƙofar shagona, inda mata ba sa zuwa, ta tsaya daga waje da mayafinta.

"Maigida, na ji abin da ka ce."

"Kin ji daidai."

"Tun bazara nake bin dabbobin nan a rana da ruwa. In fatake suka tashi ban kai ba, shekarata ta tafi."

"Ke dai ki zuba ido ki sha mamaki."

"Na yarda. Amma ga mai shayi, ga Haji, ga ƙanina. In motarka ta kai su, ba zan ƙara tanka maka a kan mota ba har abada. In ba ta kai su ba, makulli ya dawo hannuna, kai kuma ka karɓi sandar kiwo."

A wurinmu kiwon dinya aikin mata ne, namijin da aka gani da sandar nan ya gama zama a cikin maza. Na yi masa ido, na girgiza kai, har na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya kaɗa makulli.

"Ku shaida," ya ce. "Ku shaida da kyau, kada gobe wani ya ce bai ji ba."

Ranar kasuwa aka wayi gari an yi sabuwar dusa a kan tsohuwar ƙanƙara, irin wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka. Ekrem ya ɗauki matan gari da kwandunansu ya gangara a hankali, ya sha kwanar ƙasa ya ɓace bayan gidan Haji Rasim. Duk wanda ba shi da abin yi, wato duk mazan garin, ya hallara a shagona. Ban taɓa ciniki irin na ran nan ba.

Aka fara lodi. Dinyoyi a but, dinyoyi a kujerar baya, dinyoyi a kwanduna bisa rufi, wuyoyi ta ko'ina suna huci. Har da Pasha, toron garken, wanda ba na sayarwa ba ne amma in ba ya nan sauran ba sa natsuwa. Shi da Tahsin dama ba sa ga maciji. Gulizar ta matsa cikinsu a baya. Sai ga Inna Makbule, uwar Gulizar, ta fito da jakarta, wai a sauke ta wurin likitan ido. Inna Makbule mace ce da Allah ya yi wa albarkar jiki. Tana zama a gaba, motar ta ce wash, ta durƙusa a kan tayoyinta.

Tahsin ya tayar, ya sa giya. Motar ta yi nishi, ta matsa taku guda, warin ƙonanniyar roba ya cika dandali. Ya kashe, ya fito, ya zagaya, ya tsuguna, ya tashi, ya sosa ƙeya. Sannan ya je tagar gaba ya sassauta murya.

"Inna, idon nan dole ne yau?"

"Me ka ce?"

"Na ce ko za a bari sai wani makon. Na ga kamar ya yi sauƙi."

"Kai ne likitan?"

"A'a, Inna, lissafin nauyi ne. Motar Jamus tana da ƙa'ida."

"Au, ni ce nauyin? Ni da na shiga motar nan da buhun dankali biyu bara ba ta ce komai ba, sai yau da ka sa mata takalmin ubanta? Gulizar, kina ji mijinki yana auna ni a gaban maza?"

"Ina ji, Inna."

Ta fito tana haki, ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga ƙarshen abin nan da idon da ya rage mata. Na fito mata da kujera da shayi ta zauna a bakin ƙofa.

Motar ta ɗan ɗago, amma baya na nan a durƙushe. Tahsin ya leƙa ya dubi matarsa.

"Ba sai ka faɗa ba," in ji Gulizar. Ta fito ta ɗauki sandarta ta tsaya gefe.

Har yanzu motar tana gogar tayoyinta. Sai ya ce ya tuna wata dabara da wani injiniya ya nuna masa a Jamus. Ya sa aka ɗaga bayan motar, ya tsinto guntayen itace daga murhuna ba tare da ya tambaye ni ba, ya cusa su cikin sifirin. Da aka sauke, gindin motar ya yi sama, hancinta ya yi ƙasa kamar tunkiya mai shirin karo.

"Ka naɗa wa tayoyin sarƙa mana don kada su zame," wani ya ce. "Gangaren nan gilashi ne yau."

"Tayar Jamus ba ta son sarƙa."

Gaskiyar magana ya riga ya gwada a ɓoye. Sarƙar ba ta zagaye rabin tayar ba, ko da ta zagaye ma babu wurin da za ta wuce.

To, daga inda ya yi lodin, shiga gangaren ma ɗan hagu ne. Kowa ya ga haka, kowa ya zuba ido yana jira. Tahsin ya dubi hagu, ya dube mu, sai ya ce ai shi ta lungun bayan masallaci zai bi, ya fi kusa. Lungun nan jaki da kaya ke bin sa, motar ma a da tana wucewa da ƙyar. Ya kutsa. Muka ji ƙiiii daga dama, ƙiiii daga hagu, sai shiru, sai kukan dinyoyi. Muka ruga. Tayoyin sun cije tsakanin bangon masallaci da na gidan liman, ƙofa ba ta buɗuwa ko ta wane gefe. Pasha kuma ya samu ya zaro wuyansa daga baya, yana saran ƙeyar direba a natse.

"Ku tura!" Tahsin ke ihu. "Ku tura mana, kun tsaya kallo! Wayyo! A riƙe tsinanniyar agwagwar nan!"

"Gaba ko baya, Usta?"

"Ko'ina!"

Liman ya fito da carbi yana tambaya wa ke rushe masa gida. Muka sa kafaɗa, mu wajen goma, har da liman. Motar ta ɓalle ta fita da rabin farar ƙasar bangon a jikinta, ta faɗa kan gangare. Mun ɗauka zai tsaya ya gode mana. Shi ma ya so ya tsaya.

Na sha ganin mota ta zame, amma ban taɓa ganin wadda ta yi shi da natsuwa irin wannan ba. Fitilun birki sun kama jajir, tayoyin sun daina juyawa, motar kuwa tana tafiya abinta a kan dusa kamar an tura tire a kan tebur. Ta juya ta kalle mu, muka ga Tahsin ya ƙanƙame sitiyari baki buɗe, hula ta rufe masa ido ɗaya, farin gashin dinya na tashi kewaye da shi. Ta sake juyawa ta ba mu baya. Duk garin ya biyo ta da gudu, ana faɗuwa ana tashi. Inna Makbule ta miƙe tsaye tana cewa, "Ina gani! Wallahi ina gani sarai!"

A ƙarshen gangare ga kwanar hagu. Mun ga ya murɗa iyakar ƙarfinsa, mun kuma ji ƙaran akuyar nan. A miƙe kuwa, ba abin da ke gaba sai tarin busasshen kashin shanun Haji Rasim, makamashinsa na sanyin bana gaba ɗaya, wanda ya jera curi-curi tun rani ya gina shi kamar hasumiya, har baƙi kan tsaya su yaba. Motar ta shige cikinsa har wuya. Hasumiyar ta yi ɗan jinkiri, sannan ta rufto.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, abin da laushi. But ya buɗe, kwandunan rufi suka tarwatse, ƙofar baya ta wangale, dinyoyi suka yi ta fitowa a fusace suna neman wanda za su tuhuma. Tahsin ya rarrafo ta taga, baƙi ƙirin tun daga hula har takalmi. Suna ganinsa suka yi kansa. Ya haye rufin motar da rarrafe, Pasha ya kama bakin wandonsa ya ƙi saki.

Haji Rasim ya iso yana dogara sanda, ya dubi abin da ya rage na hasumiyarsa.

"Usta," ya ce, "ka iso Kars lafiya?"

"Laifin titin ne! Wane mahaukaci ne ya sa kwana a ƙarshen gangare? A Jamus..."

"A Jamus da me suke ɗumama ɗaki? Don nawa ga shi a kanka."

Sai muka ji hon. Bas ɗin Ekrem ce tsaye a bayan katangar Haji, inji na aiki, mata sun cika tagogi suna kallo. Ashe bai tafi ba. Ya sauko ya buɗe ƙofar baya, sai ga wuri fili, an cire kujeru an shimfiɗa ciyawa.

"Yaya, a yi sauri, fatake ba sa jira."

Gulizar ta iso a hankali, ita kaɗai ce ba ta yi gudu ba. Ta yi wata 'yar fito, ta buga sanda a ƙasa, dinyoyin nan suka bar abin da suke yi suka jeru suka hau bas kamar masu zuwa biki. Pasha kawai ta bari a bakin aikinsa.

Tahsin ya dubi ciyawar daga saman mota. Na ga fuskarsa ta canza, kuma a nan ne dariyata ta tsaya, don na san abin ya shige shi.

"Yaushe aka cire kujerun nan?"

"Yaya ce ta ce in cire," in ji Ekrem.

"Yaushe?"

"Tun ranar da ka ɗauko zarto."

Gulizar ta miƙa hannu sama, tafin a buɗe.

"Makulli."

"Haba Gulizar. In mun koma gida ma yi magana."

"A gaban mutane aka yi, a gaban mutane za a gama. Mai shayi, ka shaida ko ba ka shaida ba?"

Ya dube ni. Abokina ne tun muna yara. Amma shi ya ce mu shaida da kyau.

"Na shaida," na ce.

"To ki kira dabbar nan tukuna, zai tuɓe ni!"

"In makulli ya sauko, zai saki."

Ya daɗe yana kwance 'yar sarƙar nan daga ɗamara. Makullin ya faɗo a tafinta. Ta yi fito, Pasha ya saki wando ya bi ta yana taƙama. Ta jingina sandar kiwo a jikin motar, ta hau bas, suka sha kwanar hagu suka tafi. An ce sun tarar da fatake suna ɗaure igiya, kuma nata aka fara ɗauka.

Tahsin ya kwashe sauran makon yana sake gina hasumiyar Haji Rasim, Haji na zaune a kujera yana nuna masa inda ta karkace. Gulizar kuwa ta sa aka jawo motar da tarakta, aka zare itacen murhuna, ta buɗe akurki ta mirgino tsoffin tayoyin nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ƙatta-ƙattan kuma, zarton nan dai aka sa aka tsaga su biyu-biyu, don dinyoyin da ta bari na iri. Ba a taɓa ganin kwamin ruwan dinya mai faɗinsu ba a yankinmu, kuma Tahsin ne ke fasa ƙanƙarar da ke kansu kowace safiya, Pasha na tsaye yana duba aiki.

Ya yi kwanaki bai leƙo shagona ba, har na fara kewar Jamus. Sai ran Juma'a ga farar motar ta taho da yankakkun madigadinta, Gulizar a sitiyari, shi a gefe ya sha wanka ya gyara hula. Ta zo daidai dandali ta yi kwanar hagu sumul, ba ƙara ba gardama. Mazan da ke ƙofata suka fara murmushi. Da ya tsaya a haka da an wuce wurin. Amma ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu.

"Me kuke kallo? A Jamus babban mutum ba ya tuƙi da kansa. Direba yake ɗauka."

Motar ta tsaya cak. Tayoyin nan sirara ko zamewa ba su yi ba. Gulizar ta miƙa hannu ta gabansa ta buɗe masa ƙofa, ta jawo sandar kiwo daga kujerar baya ta ɗora masa a cinya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "direba ta tuna ba a kai dinyoyi rafi ba."

Ta gangara ta bar shi tsaye a dandali da kayan Juma'a da sanda. Ya shigo shagona ya zauna, na zuba masa shayi. Ya kurɓa. Muka zuba ido muna jiran ya gaya mana yadda ake dafawa a Jamus.

"Ya yi daɗi," ya ce.

Daga can gida Pasha ya ɗaga murya. Tahsin ya ajiye kofin da sauran rabi, ya ɗauki sandarsa ya fita.